Tarwaɗa a Bahon Wankan Mama

Shekara talatin da ɗaya Direba ya yi yana jan bas a layi guda, daga tashar jirgin ƙasa zuwa babban asibiti, ya juyo, ya koma. Da ya yi ritaya sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, da suka ƙare ya shiga gyaran waɗanda lafiyarsu ƙalau. Ranar da ya kwance agogon bango ya mayar, ƙusoshi uku suka yi saura a tafin hannunsa, ran nan ne matarsa, wadda kowa har shi yake kira Mama, ta fita ta sayo masa fatsa.

"Je ka dami kifi," in ji ta. "Su ba su da agogo."

Tafkin garin yana da tarihinsa. Shekarun baya wata tashar lantarki ta nukiliya, can nesa, ta yi hatsari, iska ta kwaso burbushin gubar, ruwan sama ya sauke shi a tafkin. An daɗe da hana kamun kifi, daga baya aka buɗe da sharaɗi: duk abin da ka kama sai an auna. In lambar ta fito ƙasa da ɗari, ka ci abinka. In ta haura, ka haƙura.

Abin da Direba bai faɗa wa kowa ba shi ne, ba zaman banza ke cinsa ba, kewar 'yarsa Auta ce. Yayyenta duk sun yi nisa, ita kuwa gari ɗaya suke, tana aiki a ɗakin binciken da ke lura da tafkin. Bas biyu ne tsakaninsu, minti arba'in in babu cunkoso, hanyar da ya sani kamar yunwar cikinsa. Amma rabonta da gidan wata biyar. In ya kira sai ta ce, "Baba, ina cikin aiki, zan kira ka." Tana kiran kuwa, yarinyar kirki ce. Sai dai shi so yake ya ga fuskarta a kujerar da ke kusa da taga tana cin abinci, kuma girman kai bai bar shi ya roƙa ba.

Wata Laraba da la'asar, bayan wata huɗu yana kamo 'yan ƙanana da ko kyanwa sai ta yi tunani kafin ta ci, wani abu ya fizgi fatsarsa har ya kusa binta cikin ruwa. Rabin awa suka yi ana ja-in-ja. Da ta fito, tarwaɗa ce mai tsawon ƙafarsa, kai fankacece, gashin baki ya fi nasa. An riga an rufe ɗakin awon bakin tafki, don haka ya naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu ya yi gida, ya cika bahon wanka da ruwa ya sake ta.

Mama ta shiga da tawul a kafaɗa, ta fito ba tawul.

"Maigida! Mene ne wancan a bahona?"

"Abincin ranar gobe ne. Yi mata sannu da zuwa."

Ya kira Auta don ya yi alfahari. Ta fara, "Baba, ina cikin..." sai ya katse ta da tsawon kifin da nauyinsa, ya ɗan ƙara kaɗan kamar yadda masu fatsa suka saba. Can ta ce, "A raye take? Kada ku taɓa ta. Ina zuwa ranar Asabar."

Ta zo kuwa, tana jan wani baƙin akwati mai taya. Cikinsa na'ura ce mai kama da gwangwanin madara da waya a jiki, da wani siririn kwami na roba. Direba ya ɗago kifin da jiƙaƙƙen tawul ya kwantar a kwamin, Auta ta zuba ruwa daidai, ta kafa na'urar a gefen jikinta. Minti goma sha biyar su uku suna tsugune a banɗaki suna kallon ɗan allo.

"Ɗari bakwai da arba'in," in ji Auta.

"Da kyau ke nan?"

"Baba, ɗari ne iyaka."

Direba ya ɓata rai. Ya ce ai kifin nan lafiyarta lau, dubi ƙiba, dubi sheƙi. A wanke ta da kyau mana. In an soya fa?

"Wuta ba ta taɓa shi," in ji Auta, ta gyara zama a bakin baho. "Sunan abin siziyom. Jikin kifi yana buƙatar wani gishiri, potasiyam, shi kuma wannan kamarsu ɗaya, jikin bai iya bambance su. Sai ya karɓa ya ajiye a tsoka. Kifin teku da sauƙi, gishiri ya yi masa yawa, yana sha yana zubarwa. Na tafki kuwa gishirin kaɗan ne a ruwansa, duk wanda ya shiga riƙe shi yake ƙam."

"Marowaciya ce ke nan."

"To ta faɗo gidan da ya dace," in ji Mama daga bakin ƙofa.

"Kuma yawanci ba ta ruwa yake shiga ba, ta abinci ne. Yana kwance a laka, tsutsa ta ci, ƙaramin kifi ya ci tsutsa, ita ta ci ƙananan. Shekara da shekaru tana tarawa, shi ya sa manya suka fi yawa. Amma in tana raye, ana ba ta abinci mai tsabta, jikinta zai riƙa fitarwa a hankali. Duk wata uku, ko kusa da haka, rabi zai tafi."

Direba ya lissafa da yatsu. Ɗari uku da saba'in, ɗari da tamanin da biyar, casa'in da wani abu.

"Wata tara," ya ce.

"Wata tara?" in ji Mama. "Ciki ne?"

Auta ta kama hannun uwar ta shiga lallashi. Ta ce ba su taɓa samun babbar irin wannan a raye ba, kullum yankakken nama ake kai musu. In aka bar ta, za ta riƙa zuwa duk Asabar tana aunawa, ta ga yadda abin ke sauka mako-mako. Mama ta buɗe baki za ta yi magana, Direba ya riga ta.

"Duk Asabar?"

"Duk Asabar, Baba."

"An gama. Mama, ai bokiti ma yana wanke mutum."

Shi ya raɗa wa tarwaɗar suna Fasinja, wai don ta shigo ta ƙi sauka. Ya sayo buhun abincin kifi a shago, ya koyi canza ruwa ba tare da ta firgita ba, ya sa mata ɗan injin iska da ke ɓulɓul dare da rana. Mama ta koma wanka da bokiti a gefe, tana yi tana mita, Fasinja na kallonta da ƙananan idanu. Mama ta rantse ranar da lambar ta sauka da hannunta za ta gyara ta. Amma an sha jin ta tana tambayar kifin ko ta kwana lafiya.

Awon minti goma sha biyar ne, sai dai wa zai ja akwati bas biyu ya koma da yunwa? Asabar ta farko Auta ta tsaya ta sha shayi. Ta uku ta ci shinkafa. Ta shida ta ce bari ta ɗan miƙe a tsohon ɗakinta, ba ta farka ba sai la'asar, da shatin matashi a kumatu. Direba ya riƙa tafiya a kan yatsun ƙafa yana yi wa Mama alamar ta rage ƙarar tukwane. A bayan ƙofar banɗaki Auta ta manna doguwar takarda, duk mako ta ɗiga ɗigo da fensir, ɗigon yana gangarowa sannu a hankali. Bayan awo sukan zauna su yi gardama kan layin bas ɗin da aka canza, ita tana cewa sabon ya fi sauri, shi yana cewa wanda ya zana shi bai taɓa riƙe sitiyari ba. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun tana makaranta.

A wata na bakwai lambar ta kai ɗari da hamsin da biyu. Auta ta ɗiga ɗigonta, ta miƙe tana dafe da ƙugu.

"Saura ƙiris. Wata biyu ta sauka ƙasa da ɗari, in rufe aikin, ku yi shagalinku. Ni ma in huta da jigilar akwatin nan, kafaɗata ta fara ciwo."

Da wasa ta faɗa, tana dariya. Shi ma ya yi dariyar. Amma bayan ta tafi ya daɗe tsaye a bayan ƙofa yana ƙirga layukan da suka rage a takardar. Takwas ne. Asabar takwas, daga nan a koma "Baba, ina cikin aiki." Ya ji tsoro na gaske.

Mutum mai hankali zai jira Asabar ya ce, 'yata, ina son ki ci gaba da zuwa. Direba kuwa ya fi gane wa gyara. Ya tuna ta ce ta abinci abin yake shiga.

Ranar Litinin da safe ya ɗauki 'yar raga da bokiti ya nufi wani lungun tafki mai laka, ya kamo 'yan kifaye kamar yatsa. Ya kai samfur ɗakin awo, don shi mutum ne mai bin doka, aka ce tamanin, babu laifi. Ya dawo ya juye wa Fasinja. Wata bakwai tana cin busasshen abincin shago, ai kuwa ta far musu har ruwa na fallatsa a bango.

"Me kake ba ta?" in ji Mama.

"Canjin baki. Ke kya iya cin abu ɗaya wata bakwai?"

Mama ta dubi bokitin, ta dube shi, ta wuce kicin. Shi kuma da yake ya saba cike takardar fita da dawowa duk tsawon aikinsa, hannunsa bai iya barin abu ya wuce haka nan ba. Ya ɗauko ɗan littafin aljihu ya rubuta rana da lokaci, kifi nawa, nauyinsu a sikelin kicin, da lambar da ɗakin awo ya bayar. Haka ya riƙa yi duk bayan kwana biyu.

Asabar ta zo, ɗari da hamsin da uku. Auta ta ce wataƙila kifin ta motsa. Ta gaba, ɗari da hamsin da bakwai. Ta gaba, ɗari da sittin da huɗu. Ɗigon ya daina gangara, ya fara hawa. Direba ya riƙa girgiza kai yana cewa ikon Allah, a ransa kuwa yana jinjina wa kansa.

Murnar ba ta daɗe ba. Auta ta ɗebi ruwan famfo a kwalba ta kai aka auna, lafiya lau. Ta ɗebi abincin shago, shi ma haka. Ta mayar da na'urar aka duba ta sau biyu. Ta daina tsayawa cin abinci, tana gama awo sai ta rufe akwati ta ce za ta koma ofis ta sake duba lissafi. Shinkafar Mama ta riƙa hucewa a tukunya. Idanun Auta suka faɗa, dariyarta ta ɗauke, har gardamar bas ta daina tankawa.

"Ka ga abin da ka yi?" in ji Mama wata rana suna shanya. "Zuwa take yi, amma ba ta nan."

"Me na yi?"

"Maigida, shekara arba'in ina wanke aljihunka. Na iya karatu."

Asabar ta shida lambar ta fito ɗari da saba'in da takwas. Auta ba ta ɗiga ɗigo ba. Ta zauna a bakin baho, fensir a hannu, ta yi magana ba ta kalli kowa ba.

"Shugabana ya ce abu biyu ne, ko na'ura ta yi ƙarya, ko ni ban iya aikina ba. Na'ura kuwa an duba. Jibi za su zo su ɗauki Fasinja, a yanka ta a auna naman kai tsaye. In bai yi daidai da nawa ba, duk aikin nan na wata takwas da rabi a kwandon shara." Ta murza ido da bayan hannu. "Na duba komai, Baba. Komai. Ban san inda na yi kuskure ba."

Direba ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙafa. Ya tari fasinjoji masu faɗa, ya tari 'yan sanda, bai taɓa jin bakinsa ya yi nauyi haka ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan littafin ya miƙa mata.

Ta buɗe. Ta karanta shafin farko, ta juya, ta sake juyawa. Injin iska kaɗai ke ɓulɓul.

"Baba. Kifin tafki kake ba ta?"

"Ƙanana ne. An auna su, duk ƙasa da ɗari."

"Mako shida! Mako shida ina zagin kaina! Na kwance na'urar mutane, na yi faɗa da mai gyara, na kusa rubuta rahoton cewa ruwan unguwar nan ya gurɓace! Don me? Tausayinta kake ji? Ai da ka ce kada a ci, wa zai tilasta maka?"

"Ba ita ba ce."

"To wa?"

Ya kalli takardar bayan ƙofa, ya kalli silifas ɗinsa.

"Kin ce in ta sauka za ki huta."

Mama, da ke tsaye da ludayi, ta juya ta koma kicin, ta shiga buga tukwane fiye da yadda aikin yake buƙata.

"Me ya hana ka faɗa mini?" in ji Auta, muryarta ta sauka.

"Ina kira. Kina cikin aiki."

Ta sunkuyar da kai kan littafin ta daɗe, yana ganin ƙeyarta kawai. Can sai ya ga ta zaro fensir ta fara jan layi a gefen shafi, leɓenta na motsi.

"Kowace rana ka rubuta? Da nauyi?"

"Har da lokaci."

"Da lambar ɗakin awo?"

"Ina da takardun a durowa."

Wata dariya ta kufce mata, rabi dariya rabi kuka. Ta ce ya san abin da ya yi kuwa? A da bayanin fitar abin kaɗai take da shi, yanzu ga shigarsa, gram-gram, rana-rana. Ko a ofis ba lallai a samu wanda zai rubuta da tsari haka ba. Direba ya fara miƙe wuya.

"Kada ka soma," in ji ta. "Ban huce ba."

Ranar Litinin mutanen ofis suka zo da mota mai tanki. Ba a yanka Fasinja ba. Shugaban da ya ga littafin cewa ya yi a kai ta babban tankinsu a ci gaba da awo a can, inda babu mai raga da bokiti. Direba da kansa ya ɗauke ta da jiƙaƙƙen tawul, ya yi ta gaya wa yaran ofis ɗin lokacin da take son cin abinci har suka tayar da mota. Mama ta wanke bahonta sau uku, ta cika shi, ta shige ta yi awa guda. Da ta fito ta ce banɗakin ya yi shiru da yawa.

Makon ya yi wa Direba tsawo. Auta ba ta kira ba, shi ma bai yi ƙarfin halin kira ba. Ya ɓata mata rai, ya jawo an ɗauke kifin, yanzu babu abin da zai kawo ta. Ya san shi ya jawo wa kansa, kuma sanin bai rage masa komai ba.

Ranar Asabar ya tashi ya yi aski, ya sa riga mai guga, sannan ya tuna babu dalili. Ya zauna a falo da jarida, ya karanta layi ɗaya sau biyar. Ƙarfe goma ta wuce, lokacin da ya saba jin ƙarar tayar akwati a kan dakali. Bai ji komai ba. Goma da rabi ta yi. Ya naɗe jaridar ya ce wa Mama kada ta dafa da yawa.

Sha ɗaya saura aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya buɗe, ga Auta tsaye, 'yar jaka a kafaɗa, hannuwa biyu a sake.

Ya leƙa bayanta, ya leƙa dakali.

"Ina akwatin?"

"Yana ofis."

"To me za ki auna?"

"Ba komai, Baba. Matsa in wuce, yunwa nake ji."

Ya matsa. Ta cire takalma ta wuce kujerar kusa da taga ta zauna, tana ƙwala wa Mama kira. Shi kuwa ya tsaya riƙe da ƙofa, ya ba su baya, yana ta gyaran sakatar da babu abin da ya same ta, sai da idanunsa suka bushe.

"Kin makara," ya ce da ya juyo. "Sabon layin nan kika biyo, ko?"